Makulli ya yi tsawo: tambayoyin ƙanena na Tawa kan fihirisar rumbun bayanai

Ƙanena da ke riƙe wa ƴan kasuwar albasa lissafi a Tawa ya kira ni ran Laraba da dare, ina Yamai. Ya kwashe rumbun bayanansu zuwa wata tsohuwar saba, watau kwamfutar ajiyar bayanai, da suka kama haya, sai MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun, ya cije da kuskure mai lamba 1071: wai makulli ya yi tsawo, iyakarsa bayit 767. Makulli shi ne rubutun gurbin da fihirisa, jerin da ke saurin nemo bayani, ke jerawa da shi, bayit kuwa ma'aunin girman bayani ne a kwamfuta. Ga abin da ya tambaya, ga abin da na ce masa.

Yaya, ni fa 255 na rubuta. Daga ina 767 ta fito?

Kai haruffa kake ƙirgawa, injin kuwa bayit yake ƙirgawa. A UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, harafin boko irin a ko b bayit ɗaya ne. Namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, biyu-biyu ne, haka ma yawancin haruffan ajami. Tifinag na Abzinawa uku ne, ƴan fuskokin dariya na WhatsApp kuma huɗu. MySQL ba ya duba abin da ka zuba a gurbin, mafi nauyi yake ɗauka ya yi lissafi da shi. A tsohon utf8 nasa mai bayit uku, 255 sau 3 ya ba da 765, ya shige da ƙyar. A utf8mb4 kuwa, sabon tsarin mai bayit huɗu, 255 sau 4 ne, 1020, ya haura 767. Gurbinka na VARCHAR(255) bai canza ba, mudun awon ne ya canza.

To mi ya sa aka yi iyakar tun farko?

Fihirisa jerin shafuka ce masu rassa kamar itace, kuma a InnoDB, injin ajiya na MySQL, kowane shafi kilobayit 16 ne in ba a taɓa saitin ba. In makullai gajeru ne, ɗaruruwa za su shiga shafi guda, injin ya buɗa shafi uku ko huɗu ya iske abin da yake nema cikin miliyoyin layuka. In dogaye ne, kaɗan ke shiga, itacen ya yi tsawo, nema ya yi nauyi.

Wace hanya ce ta fi kusa, ta yau da dare?

Biyu ne. Ta farko, mai da gurbin 191, don 191 sau 4 764 ne. Ba kai ka fara ba: WordPress ya yi haka da fihirisarsa a 2015 lokacin da ya koma utf8mb4, masu aiki da Laravel ma sun san lambar nan sarai. Kafin ka rage, duba mafi tsawon abin da ke ciki, kada ka datse sunan wani.

Ta biyu ta fi tsabta. Iyakar 767 ta tsoffin tsarin layi ce, COMPACT da REDUNDANT. A DYNAMIC ta kai 3072, watau haruffa 768 na utf8mb4. Daga MySQL 5.7.9 shi ne tsarin da sabon tebur ke ɗauka da kansa. Teburin da aka gina tun da can yakan zauna a tsohon tsarinsa sai ka juya shi da ALTER TABLE. In sabar 5.6 ce, sai an kunna innodb_large_prefix da tsarin fayil na Barracuda, kuma a sabar haya ba lalle su ba ka wannan ikon ba. Ka tuna kuma, in ka haɗa gurabe da yawa a fihirisa ɗaya, jimillarsu ma ba ta wuce 3072.

Wani abokina ya ce in koma latin1 kawai, bayit ɗaya-ɗaya.

Kul! latin1, tsarin haruffan Turai, ya san é da ç na Faransanci, bai san ƙ ba. Ƙonni za ta koma alamar tambaya da onni a bayanta. Gurbin da ka tabbata ba Hausa a ciki, kamar lambar tarho mai 227 da lambobi takwas, ko lambar rasit, shi kam sa masa ascii, tsarin haruffan Turanci zalla mai bayit ɗaya, ka rage masa tsawo. Mi lambar tarho za ta yi da gurbin haruffa 255?

Na ga ana sa fihirisa a kan farkon rubutu kawai. Yaya wannan?

Yana aiki, kuma na fi son shi ga dogayen sunaye. Ka rubuta suna(30), injin ya jera haruffa 30 na farko, in ya zo kusa ya leƙa teburin ya tantance. Amma a nan na taɓa ƙonewa. Wani biro da na yi wa aiki, na sa UNIQUE, dokar hana maimaici, a kan haruffa 25 na farkon sunan ƙungiyoyi, ina jin na yi dabara. Washegari sakatariya ta kira ni: ta shigar da ƙungiya ɗaya, ta biyun injin ya ce akwai ta. Na je na tsaya bayanta ina kallon allo. Duk sunayen da "Ƙungiyar manoman albasa ta" suke farawa, haruffa 26 ke nan tun ba a kai ga sunan gari ba. Ta Galmi da ta Madawa sun zama abu guda a idon injin. Ta juyo ta ce, "Malam, kwamfutarka ba ta karanta suna har ƙarshe ne?" Gaskiyarta.

Saboda haka guntun farko na neman abu ne, ba na hana maimaici ba. Ko a neman ma, gwada tukuna: ƙirga iri nawa LEFT(suna, 30) ke bayarwa, ka kwatanta da na cikakken suna. In tazarar na da yawa, ƙara tsawon. Kuma ba zai taimake ka wajen ORDER BY, watau jera sakamako bi da bi, ba.

In kuwa dole ne dogon rubutu kada ya maimaitu, kamar adireshin intanet?

Sai ka buga masa tambari. SHA-256 na karɓar rubutu kowane tsawo ya fitar da bayit 32. Ƙara gurbi BINARY(32), ka bar injin ya riƙa cika shi da kansa da UNHEX(SHA2(adireshi, 256)), ka ɗora UNIQUE a kansa. MD5 bayit 16 ne, amma an san yadda ake ƙirƙiro rubutu biyu masu tambari ɗaya da shi, don haka in baƙi ne ke shigar da bayanan, bar shi.

Tambari na da nasa hali. Daidai-wa-daida kawai ya sani, ba ya neman "abin da ya fara da kaza", ba ya jera abu. Kuma ba ya yafiya: babban harafi da ƙarami daban ne a wurinsa, ƴan da muke rubutawa a Nijar da 'yan na Najeriya daban ne. Sai ka daidaita rubutun kafin ka buga tambarin. Mahamadou da Mahamadu kuwa, ba tambarin da zai gane mutum ɗaya ne.

In na gudu zuwa wata manhajar, kamar PostgreSQL fa?

Za ka iske iyakar ta riga ka. Fihirisarsa ta btree ba ta ɗaukar abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na shafi mai kilobayit 8, bayit 2704 daga sigar 12. Shi ba ya ƙi lokacin gina tebur, sai ranar da dogon rubutun ya zo. SQL Server na da 900, ya ƙara zuwa 1700 a 2016 ga fihirisar da ba ita ke tsara teburin ba.

Ni sunan ɗan kasuwa da garinsa na haɗa na yi babban makullin tebur, wanda ke bambanta kowane layi da saura. Laifi ne?

Nan ne ainihin ciwon. A InnoDB, kowace fihirisa ta gefe tana ɗauke da kwafin babban makulli a kowane layi, haka ma teburin buhuna da na bashi da ke nuni gare shi. Ban da haka, Alhaji Abdu nawa ne a Ƙonni? Ka ba kowane mutum lamba, INT mai bayit 4 ko BIGINT mai 8, sunan ya zama gurbi na yau da kullum mai guntuwar fihirisa.

A daren ya mai da gurbin 191, rumbun ya kama aiki kafin motocin safe su yi lodi. Batun lambobin ya ce sai bayan kakar albasa, don tebur bakwai zai taɓa.