Waiwaye: Tun yaushe aka san ba hawan jini kaɗai ke cin ƙodar baƙar fata ba?

Tun 2021 da likitocin ƙoda a Amurka suka cire launin fata daga lissafin da ake auna ƙarfin ƙoda da shi, ƙura ba ta lafa ba. Wasu na cewa gyara ne da ya makara, wasu na cewa an zubar da abu mai amfani. Ana cikin haka allurorin rage ƙiba suka shigo, har wani gwaji na 2024 ya nuna ɗaya daga cikinsu na rage lalacewar ƙoda ga masu ciwon suga. Wanda ya tsinci zancen daga nan zai zaci jiya aka farga, alhali ruwan ya daɗe yana tsami.

Farkon labarin sananne ne. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ƙodarsu ta daina aiki su ne. Shekara da shekaru amsar ɗaya ce: hawan jini. A 1999 aka fito da lissafin da ke ƙiyasta aikin ƙoda daga kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke zubarwa a jini, aka ƙara wa baƙar fata kashi 21 cikin 100 bisa zaton ya fi tsoka. A 2009 aka rage ƙarin zuwa kusan 16. A takarda ƙodar mutum lafiya lau, a jiki tana ja da baya, sai ya makara wajen shiga layin dashen ƙoda.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne wani bincike mai suna AASK, wanda aka fara a 1995. An tara baƙaƙen fata 1,094 masu hawan jini da ƙodar da ta fara rauni, babu mai ciwon suga a cikinsu. Tambaya biyu aka sa a gaba: wane magani ya fi kare ƙoda, kuma idan aka sauke jini ƙasa sosai, ƙodar za ta tsira? Ta farko ta samu amsa mai daɗi. Cikin magungunan hawan jinin da aka gwada, ramifril ya fi amlodifin da metofrolol kare ƙoda, abin da ya rushe tsohon zaton cewa irin wannan magani ba ya wa baƙar fata aiki. Wannan rabin kowa ya riƙe.

Ɗaya rabin ne ya sha ƙasa. Rukuni guda an sauke jininsu zuwa kusan 128 bisa 78, ɗaya rukunin aka bar su a kusan 141 bisa 85. Da sakamako ya fito a 2002, ƙodar rukunonin biyu kusan tafiya ɗaya take yi wajen lalacewa. Aka ci gaba da bibiyar mutanen har 2007, da magani a hannu, da likita a kusa, amma cikin shekara goma fiye da rabinsu ko dai kiriyatinin ɗinsu ya ninka, alamar ƙodar ta ƙara lalacewa, ko ƙodar ta tsaya, ko sun rasu. Da aka sake tace bayanan a 2010, sai aka ga matse jinin, wato sauke shi ƙasa sosai, ya amfani masu zubar da furotin a fitsari ne, sauran kuwa babu wani bambanci.

A ganina nan ne ya kamata tunani ya juya. Idan ka kashe wutar da kake zargi amma tukunya ba ta daina tafasa ba, akwai wata wutar a ƙarƙashi. Kuma ɗaya daga cikinta tana zaune a gaban masu binciken: matsakaicin ƙibar mutanen ya kai kusan 30 a ma'aunin BMI mai gwada nauyin mutum da tsawonsa, iyakar da daga ita ake kiran mutum mai ƙiba. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma ba sa ƙaruwa don jiki ya ƙaru. Jiki na girma, aikin tacewa na ninkuwa a kan matatan nan, su kumbura, su fara yoyon furotin. Kitsen kuma yana sa jiki riƙe gishiri, jini ya ƙara hawa. Tun 1974 likitoci suka bayyana ƙiba mai sa zubar furotin a fitsari, amma aka daɗe ana kallon teɓa a matsayin sha'anin zuciya da suga.

Akwai ma wani nazari na 1997 da ya bi mutane masu asali daga Afirka ta Yamma a ƙasashe daban-daban. Hawan jini ya kama kusan kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Tsatso ɗaya, amma ciwon na hawa tare da ƙiba da cin gishiri.

Gado ma da nasa kason. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar halitta mai suna APOL1, masu kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma masu raunana ƙoda. A 2013 aka koma kan mutanen AASK, aka ga masu ɗauke da kwafi biyu sun fi saurin rasa ƙoda ko an matse jininsu ko ba a matse ba. Sai dai yawancin masu wannan gado ba sa kamuwa, sai wani abu ya ƙara taka ƙodar.

Sabon lissafin 2021 ya cire launin fata, amma har yanzu da kiriyatinin da shekaru da jinsi yake aiki, bai san nauyin mutum ba, bai san abin da ke fitsarinsa ba. Sistatin C, wani furotin da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda, da ake ba da shawarar a haɗa da shi don ƙarin tabbaci, shi ma yawan kitse na ɗaga shi a jini.