Waiwaye: Wutar da Najeriya ke ba Nijar da ruwan da Kamaru ke sako mana

A Gombe, da wuya a ɗauke wuta da daddare ba ka ji wani a teburin mai shayi ya ce, "Mu muna cikin duhu, ana ba Nijar wuta" ba. Ana ba ta ɗin kuwa. Sai dai ba sadaka ba ce, kuma asalin maganar a ruwa yake.

Kogin Neja daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, ya bi ta tsakiyar Yamai, sannan ya shigo mana ta jihar Kebbi. A kansa aka kammala madatsar Kainji a 1968, mai ƙarfin megawat 760, aka ƙara ta Jebba a 1985. Ke nan kaso mai tsoka na ruwan da ke juya injinan nan ta ƙofar gidan Nijar yake wucewa, kuma wanda ke sama shi ke riƙe da bakin famfo. Ƙasashen da kogin ya haɗa sun gane haka da wuri: sun kafa hukumarsa a 1964, aka sake mata fasali a 1980, tana da mambobi tara, hedikwatarta a Yamai.

A 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Daga baya wani ya tashi daga Katsina ya nufi garin Gazawa a Nijar, yana haska Maraɗi da Damagaram. Jami'an Najeriya sun sha bayyana fahimtar da ke ƙarƙashin wannan: mu sayar muku da wuta, ku bar mana ruwa ya gangaro. Nijar na biya, ko da yake bashi kan taru har a yi ta cacar baki. A haka ta wayi gari kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan yake zuwa.

ECOWAS ta faɗaɗa tunanin a 1999 da shirin haɗa layukan lantarkin Afirka ta Yamma, mai ofis a Kwatano, kuma a 2022 aka ƙaddamar da aikin babban layin da zai haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu da arewacin Benin.

Sai ga 26 ga Yulin 2023. Sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse layin. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta koma, amma a ganina ɓarnar ta riga ta auku. Shekara kusan hamsin ana cinikin nan bisa amana, rana ɗaya aka nuna wa maƙwabci cewa wutar bulala ce. Nijar kuwa dama tana da madatsarta a zuci, wato Kandaji da ke yankin Tillaberi, mai megawat 130, wadda Tandja Mamadou ya aza wa tubali a 2008. Aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Yanzu wane ɗan Najeriya ne ke da bakin ce musu su dakata?

Mu a nan gabas, namu labarin da Kamaru ne, kuma ya fi ciwo. A 1982 ta kammala madatsar Lagdo a kan Binuwai, kusa da Garwa, mai megawat 72. Najeriya ce ya kamata ta gina tata a Dasin Hausa, cikin Fufore ta jihar Adamawa, don ta tare ruwan da za a riƙa sakowa, ta kuma samu wuta da noman rani. Har yau ba a gina ba. Abin da ya rage na haɗin kan shi ne sanarwa: Kamaru ta aiko cewa za ta buɗe ƙofofi, a ce wa na bakin kogi su tashi. Wanda ke da dangi a Numan, inda Gongolarmu ke faɗawa Binuwai, bai manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Abin mamaki, inda tsoro ya kora mu mun yi aiki: madatsar Kashimbila a Taraba an gina ta ne don gudun ɓallewar tafkin Nyos na Kamaru, ga ta nan da megawat 40.

Daidai da ƙarfin madatsar Dadin Kowa ke nan, wadda ke nan kusa da mu a Yamaltu Deba. An datse Gongola tun shekarun 1980, ruwa ya kwanta fiye da shekara talatin yana jiran injin. Da turakun layin Jos zuwa Gombe suka zube a hannun ɓarayin ƙarfe a Afrilun 2024, Gombe da Yola da Jalingo sun yi makonni a duhu, masu ƙanƙara da masu walda suka koma kan janareta da sola. Ko da an rufe layin Yamai gaba ɗaya a waɗancan makonnin, babu wayar da za ta kawo mana rarar.