Me ake nufi da kazar iri?

A bakin masu kiwon kaji, kazar iri ita ce wadda ake ajiyewa tare da zakara domin a ƙyanƙyashe ƙwanta. Ta bambanta da kazar da ke yin ƙwan da mai shayi ke soyawa, ko da kuwa launinsu ɗaya. Kazar Shika Brown ɗin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, alal misali, tana da iyayenta da ake kiwo daban, kuma abincinsu daban.

Dalilin bambancin abincin shi ne, ƙwai rufaffen ɗaki ne. Da zarar ya faɗo, ba a ƙara masa komai sai ɗumi da iska. Kwana 21 ɗin da ɗan tsako zai yi a ciki, guzurin da uwa ta zuba masa kawai zai ci: mai da bitamin daga gwaiduwa, furotin da ruwa daga farin ƙwai, kalsiyam na gina ƙashi kuma mafi yawansa daga ɓawo yake tatsa. Shi ya sa ɓawon da aka ƙyanƙyashe yake rugurgujewa a hannu. Ana gab da fitowa, ragowar gwaiduwar takan shige cikin ɗan tsakon, ita ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku. A cikinta ne kuma garkuwar uwa daga cututtuka irin su Gumboro take isa gare shi.

Inda masu kiwo ke ruɗewa shi ne, kaza tana iya zuba ƙwai kullum alhali abincinta ya gaza. Abin da ya ishe ta yin ƙwai bai kai abin da ƙwan ke bukata ya zama tsako ba. Sai a wayi gari rabin tire baragurbi, a hau zagin injin ƙyanƙyasa ko masu wutar lantarki. To, wani lokacin laifinsu ne, amma a fasa ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba a duba (a toshe hanci dai). Tsako da gashinsa ya dunƙule kamar ƙananan ƙulli yana nuna ƙarancin bitamin B2. Gajerun ƙafafu da baki lanƙwasasshe kamar na aku kuwa, galibi ƙarancin sinadarin manganis ne ko bitamin biyotin.

Yawan abinci ma ɓarna ne, don kazar da ta yi teɓa ƙwanta yakan ragu, barbara kuma ba ta cika kamawa ba. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna kuwa guba ne da ke rage ƙyanƙyasa.

Gwaiduwa takan ɗauki kusan kwana 10 tana taruwa a jikin kaza. Wanda ya gyara abinci yau, ya zuba garin ƙashi da firimis (haɗin bitamin da sinadarai) na kajin iri, kada ya sa ƙwan gobe a inji yana jiran canji. Ya bari a yi mako biyu tukuna.