Fulawowin Dangin Alayyafo: Yadda Za Ku Shuka Su a Gida Ba Sai Kun Yi Ta Saye Ba

Assalamu alaikum jama'a, iyayena da 'yan uwana. Yau kan fulawa zan yi magana, irin waɗanda kuke gani a shataletale da bakin ofisoshi da farfajiyar makarantu, masu jan ganye ɗin nan da masu fure ja ko ruwan ɗorawa. Da yawansu dangin alayyafo ne, gida ɗaya suka fito da alayyafon miya da rukuɓu da zaƙi banza. A matsayina na malamin gona abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke zuwa bakin titi su sayo su a leda da tsada, su kai gida bayan wata guda ta lanƙwashe ta mutu, su koma su sake saye, alhali duk matar da ta taɓa yafa alayyafo a bayan ɗaki ta riga ta san rabin aikin.

Wadda aka fi sani ita ce zankon zakara, masu sayar da fulawa suna ce mata silosiya, akwai mai fure a nannaɗe akwai mai fure a tsaye mai laushi, kuma jinsinta ɗaya da ganyen soko da Yarabawa ke miya da shi. Sai alayyafo mai launi uku wanda asalinsa daga Asiya ne, shi ba fure ake nema a jikinsa ba, ganyen saman ne yake rikiɗa ya yi ja da rawaya da kore lokaci guda. Akwai mai dogon jan fure yana reto ƙasa, wannan daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito wajajen Peru inda har yau suke cin ƙwayarsa. Sai gomfirena mai ƙananan furanni zagaye, shunayya ko fari ko ruwan hoda, ita kam ni na fi ba masu ƙarancin ruwa shawararta domin tafi sauran jure fari, kuma ko an yanke furen an busar launinsa ba ya gudu. Na ƙarshe su ne gajerun nan masu jan ganye da ake jerawa a gefen hanya ana aske su, altanantera da airesin, su ba sai da iri ba, reshe kawai za ka yanko kamar santimita 10, ka cire ganyen ƙasa ka soke a ƙasa mai laima a inuwa, cikin sati 1 zuwa 2 ya yi saiwa.

To wajen shukar iri nan ne mutane ke fara asara. Irin ƙanana ne sosai, giram 1 na irin alayyafo ko na zankon zakara yana ɗauke da ƙwaya sama da 1,000, saboda haka in ka watsa da hannu haka kawai sai ya taru wuri ɗaya ya fito a cunkushe duk ya rame. Ka haɗa shi da busasshen yashi mai laushi ka cakuɗa sannan ka yafa. Kar a binne shi dan Allah, ɗan barbaɗa ƙasa sama-sama ya isa, in ya nutse ba zai iya ɓullowa ba. Ban ruwan ma ba a kwara masa da bokiti ko buta, ruwan zai kwashe irin ya tara a lungu, a samu gwangwani a huhhuda gindinsa da ƙaramar ƙusa a rinƙa yayyafawa safe da yamma. A rufe da ɗan busasshiyar ciyawa shara-shara, da zarar an ga tsiro a ɗauke ta. In akwai ɗumi alayyafon yakan fito cikin kwana 3 zuwa 5, zankon zakara da gomfirena sukan ɗan ja lokaci har sati ɗaya ko biyu, kar a ce iri ya mutu a tone wurin. Akwai wani ciwo da ke kama tsiron yana ƙarami, za ka zo da safe ka ga wuyansa daidai ƙasa ya tsuke ya yi baƙi ya kife, yawan ruwa da cunkoso ne ke kawo shi, maganinsa a rage ruwa a tsinke wasu iska ta samu shiga.

Dashe kuma bayan sati 2 zuwa 3, in ya yi ganye 4 zuwa 6, da yamma ake yi a bar tazarar santimita 25 zuwa 30. Zankon zakara ba ta son a bar ta ta daɗe a ƙaramar leda, in saiwarta ta nannaɗe a ciki sai ta tsumbure ta yi ɗan guntun fure tun tana ƙarama, daga nan ba ta ƙara girma. Shi ya sa nake cewa in ma dole sai kun saya, ku zaɓi ƙaramar da bata fara fure ba, mai furen nan da ke ɗaukar ido yawanci ta gama abin da za ta yi.

Yanzu ga inda suka bambanta da alayyafon miya, kuma nan nake so ku riƙe da kyau. Manomin alayyafo ganye yake nema, kore shar mai faɗi, shi ya sa yake zuba taki da ruwa ba ƙaƙƙautawa. In ka yi wa na ado haka ka ɓata shi, yuriya in ta yi yawa tsiron zai yi tsawo ya yi laushi, jan ganyen ya dushe ya koma kore-kore, furen ya yi jinkiri, iska kaɗan ta kwantar da shi. Takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai a cakuɗa da ƙasa tun farko ya wadatar, in ƙasar ta gaji ƙwarai a sa ɗan takin kamfa kaɗan nesa da gindi. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake. Launin daga rana yake zuwa, suna buƙatar aƙalla awa 6 na hasken rana, na sha shiga gidaje in tarar an ajiye tukunyar a ƙarƙashin darbejiya ko cikin baranda wai kar rana ta dake ta, sannan ana mamakin me ya sa ba ta yi ja ba. Airesin ce kawai a zafin watan Afrilu take son ɗan inuwa da rana tsaka.

Farkon damina shi ne lokacin da ya fi, wajen Yuni. Da hunturu in an shuka girman baya sauri saboda sanyi da gajartar yini, sai su yi saurin fure suna gajeru, masu noman rani sun san wannan a alayyafonsu. Tukunyar ƙasa, tsohon bokiti, buhu, duk suna yi muddin an huda gindin ruwa na fita, domin kwanciyar ruwa ruɓar da su take. Kuma faranti ko murfin da ake sawa ƙarƙashin tukunya a rinƙa zubar da ruwansa, sauro na iya ƙyanƙyashewa a ciki cikin sati guda zuwa kwana 10, kar garin ƙawata gida a jawo wa yara zazzaɓi. Masu awaki a killace, ganyen nan abinci ne a wurinsu.

Kwarin da ke damunsu su ne dai na alayyafo, tsutsar nan da ke naɗe ganye da yana tana ci daga ciki, da darɓa a ƙarƙashin ganye. A cikin gida inda yara ke wasa ba na ba da shawarar maganin feshi mai ƙarfi, balle piya-piya da wasu ke ɗurawa a gora suna fesawa, wannan haɗari ne babba. Ƙwallon darbejiya a ɓare a daka, kamar giram 50 a lita 1 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace a sa ɗan sabulu a fesa da yamma har ƙasan ganye. Tsutsar in ba ta da yawa ma a tsince da hannu.

Tambayar da mata suka fi yi min ita ce tunda dangin alayyafo ne ana iya miya da shi? Alayyafo mai launi uku da zankon zakara ana cin ganyensu a ƙasashe da dama, wannan gaskiya ne. Amma wanda aka sayo a bakin titi kar a kuskura a kai shi tukunya, domin don ado aka rene shi, ba ka san maganin da aka fesa masa ba ko yaushe aka fesa, wasu wuraren kuma da ruwan kwata ake ba su. Haka wanda aka tsinko a shataletale, hayaƙin motoci da ƙura sun gama zama a kansa. In kuna son na ci ku shuka da kanku daga iri, ku ware masa wurinsa daban. Jajayen nan na gefen hanya kuwa a bar su a adonsu.

In furen ya tsufa ya fara bushewa ka murza shi a tafin hannu, in ka ga ƙananan ƙwayoyi masu sheƙi suna zubowa to iri ya nuna. A yanke kan a sa a tire a inuwa ya ƙarasa bushewa, a murje a sheƙe, a zuba a kwalba mai murfi a rubuta launin a jiki. A zaɓi irin daga tsiron da launinsa ya fi kyau. Mai ajiye irin alayyafon miya kuma ya nisanta shi da jan alayyafon ado mai dogon fure, iska na iya haɗa su barbara, baɗi ya ga abin da ya fito ba na miya ba ba na ado ba. Sauran kawunan da ba a buƙata a yanke su tun kafin su zubar, don tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi, da ruwan farko ya sauka za su fito ko'ina har cikin kwamin albasa da tumatir.