Awon amfani a gajimaren kwamfuta

Awon amfani shi ne tsarin da kamfanonin gajimaren kwamfuta, wato masu ba da hayar kwamfutoci ta intanet, ke bi wajen ƙirga abin da kowane mai haya ya ci na ƙarfin injinansu, su rubuta shi, sannan su yi masa lissafin kuɗi a kai. Wanda ya kama hayar kwamfuta a wurin Amazon, Google ko Microsoft ba ya ganin injin da idonsa. Rajistar awon ce shaidar da ke tsakaninsu, kamar mitar wutar lantarki. Shi ya sa a 2011 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta sanya awo cikin siffofi biyar na gajimare.

Ana auna lokacin da inji ya yi a kunne, da girman ma'ajiya, da yawan buƙatun da aka aika, da bayanan da suka fita zuwa intanet. Wannan na ƙarshen ne ya fi ba mutane mamaki, domin galibi shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa sai an biya.

Ma'aunin lokaci ya yi ta ƙanƙancewa. Da Amazon ta buɗe EC2, hidimarta ta hayar injinan kwamfuta, a 2006, da awa take lissafi, ko minti biyar ka yi, kuɗin awa guda za ka biya. A 2017 ta koma lissafi da daƙiƙa ga injinan da ke aiki da manhajar Linux, amma mafi ƙaranci daƙiƙa 60. Lambda kuwa, hidimar Amazon da ke gudanar wa mutum aikin manhajarsa ba sai ya kama hayar inji ba, wadda ta fito a 2014, tun 2020 ake lissafinta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan sauyi adalci ne ga masu ƙananan ayyuka.

A OpenStack, manhajar da kowa ke iya kafa gajimarensa da ita, wata manhaja a cikinta mai suna Ceilometer ce ke aikin awon tun 2012. Tana sauraron sanarwar da sassan tsarin ke fitarwa idan an kunna inji ko an goge shi, kuma tana zagayawa lokaci-lokaci tana tambayar kowane inji abin da ya ci.

Mita dai ba ta san niyya ba. Injin da aka manta a kunne kuɗinsa na tafiya ko da ba ya aikin komai. Saboda haka ma'aikatu ke liƙa wa kowane inji alama da sunan sashen da ya buɗe shi, domin idan takardar kuɗi ta zo a ƙarshen wata a san wanda za a tambaya.