Abin da ƙa'ida ta ce game da gwajin lahanin tsirran magani ga ƙwayoyin gado

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole a Damagaram ya san rumfunan masu sassaƙe, inda ake jera ɓawon maɗaci da ganyen sabara da ƴaƴan bagaruwa. A ƴan shekarun nan kuma an samu sabon salo, wato a daka su a ɗura a kwalba, a liƙa takarda mai suna. Daga nan ne maganar doka take shigowa, domin ƙa'idojin rajistar magungunan gargajiya a Afirka sun kasa su gida huɗu: wanda mai magani ya haɗa wa majinyacinsa shi kaɗai, da wanda ake sarrafawa da yawa don sayarwa, da ruwan tsiron da aka tace aka daidaita ƙarfinsa ta hanyar bincike, sai kuma tsantsar sinadarin da aka ware. Gwargwadon hawan magani a wannan tsani, gwargwadon shaidar rashin lahani da ake nema daga mai shi. A Nijar, dokar harhaɗa magunguna ta 10 ga Janairun 1997 ta sanya maganin gargajiya cikin abin da hukuma take kula da shi.

Hujjar da masu sana'ar suka fi riƙewa ita ce kaka da kakanni sun sha, babu abin da ya same su, kuma doka ba ta raina wannan hujja ba. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2004, ta sauƙaƙa rajistar maganin tsiro da aka shekara 30 ana amfani da shi. Sai dai ƙa'idar hukumar magungunanta ta 2008 ta nuna cewa daɗewa ba ta wadatar a batun ƙwayoyin gado, saboda gubar da ke sa amai ko zawo tana bayyana nan take, ita kuwa wadda ke ɓata sinadarin DNA, wato abin da ke ɗauke da gadon halitta a cikin jiki, takan yi shiru shekaru, sannan ta fito a matsayin sankara lokacin da babu mai tuna jiƙon da aka sha. An ga haka a Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda mata fiye da ɗari suka kamu da ciwon ƙoda, wasu har da sankarar hanyar fitsari, bayan sun sha maganin rage ƙiba da tsiron Aristolochia ya shiga cikinsa.

Gwajin gano ko tsiro yana ɓata ƙwayoyin gado yana tafiya mataki-mataki. Na farko shi ne wanda Bruce Ames ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970, wanda OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kai kan tattalin arziki, ta ba lamba 471 a jerin ƙa'idojinta na gwaji. Ana ɗaukar bakteriyar Salmonella wadda aka naƙasa ta yadda ba ta iya yaɗuwa sai an ba ta sinadarin histidin, a shimfiɗa ta a faranti tare da ruwan tsiron, wani farantin kuma a ƙara masa ruwan hantar ɓera, tunda akwai abubuwan da ba sa zama guba sai hanta ta sarrafa su. Bayan kwana biyu ko uku sai a ƙirga ɗigo-ɗigon bakteriyar da suka tsiro. Idan sun zarce na farantin da ba a sa wa komai ba ƙwarai, alama ce tsiron ya sauya gadon bakteriyar. Idan ba a ga komai ba, yawanci a nan ake tsayawa. Idan an gani, ba a yanke hukunci da gaggawa, domin kwasetin, sinadarin da ke cikin albasa, yakan nuna lahani a faranti alhali ba a ɗauke shi mai haddasa sankara ga ɗan Adam ba. Sai a maimaita a ƙwayoyin jikin dabba, in shakka ta ci gaba a ba ɓeraye, a duba ɓargonsu ko akwai ɓaraguzan gado da suka ɓalle.

Akwai kuma gwajin kariya, inda ake haɗa ruwan tsiron da gubar da aka sani, a ga ko ɓarnar ta ragu. Bincike ne mai amfani, amma a ganina a nan aka fi zamewa, domin raguwar ɗigo a faranti ba izini ba ne na rubuta wa kwalba cewa tana maganin sankara, kuma tsiro guda yana iya karewa a ɗan ƙaramin awo ya yi ɓarna idan aka yawaita. Sakamakon ma yana bin irin haɗin da aka gwada ne kawai: tafasasshen ganyen sabara daban, wanda aka tatsa da alkol daban, garin da aka adana a danshi har ya yi fumfuna shi ma daban, tunda yana iya ɗaukar aflatoksin, gubar da aka sani a ruɓaɓɓiyar gyaɗa, wadda ke jawo sankarar hanta.