Idan Yaro Ya Gama Darasinsa da Wuri, Me Za a Ba Shi?

Tun lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, gidaje da dama a birnin Kano suka saba da karatu a tsakar gida, wasu kuma ba su daina ba har yau. A wani gidan uwa ce ke koyarwa, a wani kuma an ɗauki malamin darasi, akwai kuma yaran da lalura irin ta sikila take yawan zaunar da su a gida. A zagayen da muke yi gida-gida a matsayinmu na ma'aikatan lafiya na unguwa, abu guda nake yawan tararwa: a kan tabarma ɗaya wani yaron ya gama aikinsa tuni, 'yan'uwansa suna fama, shi kuwa an rasa yadda za a yi da shi.

Na ga haka a wani gida a Gwammaja. Wata yarinya mai kimanin shekara takwas ta rufe littafinta, ta fara jan fensirin ƙaninta, sai mahaifiyar ta miƙo mata waya daga bakin murhu ta ce, "Ungo, ki bar shi ya yi karatunsa." Na ce, "Hajiya, kullum haka ake yi?" Ta ce in ba wayar ba, sai dai a ƙara mata wani shafin lissafi. Duka biyun ina ganin akwai gyara a cikinsu. Yaron da ya lura cewa ladan saurinsa shi ne ƙarin aiki, gobe zai koyi jan ƙafa, domin yara sun fi mu saurin gane inda riba take. Wayar kuma takan shige lokacin da aka yi niyya, ta ci har lokacin barci. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, ta kuma daɗe tana cewa yara daga shekara biyar zuwa sha bakwai suna bukatar aƙalla minti sittin na motsa jiki kowace rana.

Kafin komai, a duba littafin tukuna, domin gamawa daban, kyautatawa daban. Idan aikin ya yi kyau, sai a ba yaro wani abu gajere na minti goma ko sha biyar, wanda zai tashe shi daga zaune, ya sa hannunsa, kuma ba ya bukatar a kashe ko kwabo.

Wanda na fi so shi ne ƙirga bugun zuciya. A nuna masa yadda zai ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da babban yatsa, ya ƙirga bugun na daƙiƙa talatin, ya ninka sau biyu, ya rubuta. Daga nan ya yi tsallen igiya ko langa na minti biyu, ya sake ƙirgawa. Da kansa zai ga lambar ta hau, da kansa kuma zai tambayi dalili, a nan ne za a gaya masa cewa jiki idan yana aiki yakan nemi ƙarin iska, zuciya ce kuma take tura jinin da ke ɗauke da ita. A zama ɗaya ya yi lissafi, ya motsa jiki, ya san wani abu game da ƙirjinsa. Mai ciwon sikila dai kada a bar shi ya galabaita, tafiya a tsakar gida ta ishe shi, a kuma ajiye masa ruwan sha kusa.

Haka nan ana iya naɗa yaro "duba-gari" na gidan. Ya zagaya da takarda ya rubuta duk inda ruwa ya kwanta: tsohuwar taya, gwangwanin tumatir a bayan ɗaki, randar da aka bari a buɗe, bakin kwata. Idan ya ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki, a gaya masa 'ya'yan sauro ne, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma za su iya yin fiffike su tashi. Ya zubar, ya kife mazubin. A lokacin damina, da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan shan magani da yara, wannan ɗan aikin taimako ne na gaske ga gida.

Ga wanda ya kai shekara goma, a koya masa awon ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Ƙunshin da ake bayarwa a asibiti ya fi, amma sanin awon yana da amfani ranar da gudawa ta kama ƙaramin yaro cikin dare.

Shuka ma tana riƙe hankalin yara. Ƙwayar wake uku a gwangwanin madara da aka huda gindinsa, cikin 'yan kwanaki za ta tsiro, kullum yaro ya auna tsawonta da rula ya rubuta. Sai dai a nan ina da gargaɗi, domin mun sha karɓar ƙananan yara da wake ko gyaɗa ta maƙale musu a hanci ko kunne: kada a bar irin a hannun wanda bai kai shekara huɗu ba, idan kuma ya shige, kada a sa tsinke a ce za a zaƙulo, a kawo shi asibiti.

Wani aikin kuma rana ce malamarsa. A kafa sanda a tsakar gida, duk bayan awa ɗaya yaro ya ja layi a ƙarshen inuwarta da gawayi, ya ga tana raguwa har ta tsaya, sannan ta fara tsawo ta ɗaya gefen, wato zawali ya yi, lokacin azahar ya shiga. Abin da ya ji a Islamiyya ke nan yake gani a ƙasa.

Birnin kansa ma littafi ne. Yaro ya zana ganuwa, ya jera ƙofofin da ya sani, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata mai marina, Ƙofar Na'isa, Kabuga, Ƙofar Mazugal, waɗanda ya rasa ya je ya tambayi Kaka, daga nan hira kan kai ga Dala da Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa. Ko a ba shi takardar naira ashirin ya karanta sunan Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya juya bayanta ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya.

Shawarar da na ba waccan Hajiyar ita ce ta rubuta irin waɗannan ayyuka a 'yan guntayen takardu, ta zuba a kwanon sha, duk wanda ya gama ya sa hannu ya zaro ɗaya. Da na koma gidan bayan mako biyu domin rigakafin jaririnta, na tarar da gwangwanaye uku jere a gindin katanga, kowanne da sunan mai shi, yarinyar kuma ta kama hannuna ta ce sai ta ƙirga mini bugun zuciyata kafin in buɗe akwatin allura.